Zari-ruga: Yadda Ake Koya wa Ɗan Wasa Ya Faɗi Ƙwallo Ba Ta Kuɓuce Ba

Ranar 3 ga Fabrairun 2018, a filin Stade de France da ke bakin birnin Paris, ana ta yayyafi, Faransa tana gaban Ailan da maki 13 da 12, saura kamar minti biyu a tashi. Ailan ta samu ƙwallo a can cikin gidanta, nesa da turakun Faransa. A dokar zari-ruga, ko minti 80 sun cika alƙalin wasa ba ya busa tashi sai ƙwallo ta mutu, wato ta fita waje ko ta suɓuce wa wani ta faɗi gabansa. Saboda haka duk ɗan Ailan da ya rungumi ƙwallon nan ya san wasan kacokan yana hannunsa. Haka suka yi ta turawa taku-taku: a kama mai ƙwallo, a kai shi ƙasa, 'yan'uwansa su rufa a kansa, ƙwallon ta fito ta baya, a miƙa wa wani. Sai da suka yi zango 41, agogo ya haura minti 82, sannan Conor Murray ya jefa wa Johnny Sexton. Shi kuma daga nisan sama da mita 40 ya sake ta ta dira ƙasa, ya ɗauke ta da ƙafa, ta ratsa tsakanin turaku. Aka tashi 15 da 13. Daga nan Ailan ta bi sauran ƙasashe huɗu na gasar Ƙasashe Shida ɗaya bayan ɗaya ta doke su a wannan shekarar.

Har yau bugun Sexton ake ta maimaitawa a intanet, kuma ya cancanta. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗuwa kusan 40 da ta gabace shi, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, da jikin da ya riga ya sha minti 80 na karo. Babu wanda yake yanko waɗannan ya yaɗa, alhali su ne aikin da Joe Schmidt, kocin Ailan na lokacin, ya shafe shekaru yana gogewa. Abin da nake son kafawa a wannan rubutu shi ne: ƙwallon da aka ƙwace a ƙasa, galibi tun kafin a kai mutum ƙasa aka rasa ta, kuma sau da yawa laifin bai tsaya kan wanda yake riƙe da ita ba. Kocin da ya gane haka, atisayensa ma sai ya sake kama.

Mu ɗan yi lissafi na misali. A ce ƙungiya tana tsira da ƙwallonta sau 90 cikin kowace faɗuwa 100. A kunne wannan ba laifi. Amma damar da take da ita ta jera zango 41 babu yankewa ba ta wuce kashi 1 da ɗoriya cikin 100 ba. In ta kai 95, damar takan tashi zuwa kamar kashi 12. In ta kai 98, sai ta kusa kashi 44. Ka ga ɗan bambancin da ido ba ya kamawa a faɗuwa guda, idan ya taru shi ne tsakanin ɗaukar kofi da komawa gida hannu rabbana.

Wanda ya tashi yana kallon kokawa a dandali ya san da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, sai kiɗa da kirari. A zari-ruga kuwa nan ne aiki yake farawa, kuma doka ta tsara wa kowa abin da zai yi. Ana cewa an kayar da ɗan wasa ne idan an riƙe shi kuma ya kai ƙasa, ko da gwiwa ɗaya ce ta taɓa. Daga wannan lokaci, wanda ya kayar dole ya sake shi nan take, ya kauce, kuma ba shi da ikon taɓa ƙwallo sai ya miƙe kan ƙafafunsa. Wanda aka kayar shi ma dole ya rabu da ƙwallon nan take: ya ajiye ta, ko ya miƙa wa ɗan'uwansa, ko ya tura ta, amma ban da turawa gaba. In ya ƙanƙame, alƙali ya ba abokan hamayya bugun tara, wanda in yana kusa da turaku maki 3 ne a aljihu. Sauran 'yan wasa da za su iso wurin sai ta ƙofa, wato kowa ya shigo ta ɓangaren gidansu, ba ta gefe ba, kuma a tsaye. Da zarar mutum ɗaya daga kowane ɓangare sun haɗu jiki da jiki a tsaye a kan ƙwallon da ke ƙasa, an shiga abin da ake kira rak, kuma daga nan hannu ya haramta, sai ga wanda ya riga ya ɗora nasa a kan ƙwallon kafin rak ɗin ya haɗu.

Wannan ɗan togaciya ta ƙarshe ita ce tsagar bangon da ƙadangare yake shiga. Tsakanin faɗuwar mai ƙwallo da haɗuwar rak akwai ɗan lokaci, wani sa'in bai kai daƙiƙa guda ba, da ƙwallo take zama ta kowa. Akwai 'yan wasan da sana'arsu ke nan, kuma masu wasan da kansu sun laƙaba musu sunan dila. Sunan ya zauna daram a kunnen Bahaushe, domin dila ba shi ke kayar da nama ba, yana gefe yana dakon lokacinsa. Ɗan wasa irin wannan yakan bar abokinsa ya yi kamun, shi kuma ya faɗo a sunkuye, ƙafafu a ware, ya kafa hannuwa a kan ƙwallon. Ko dai ya ɗauke ta, ko wanda ke kwance ya ƙi saki a hukunta shi. Richie McCaw na Niyu Zilan, George Smith da David Pocock na Ostareliya, Sam Warburton na Wales, Heinrich Brüssow da Malcolm Marx na Afirka ta Kudu, duk da wannan suka yi suna. Duk abin da koci zai koyar game da riƙe ƙwallo, a ƙarshe amsa ce ga tambaya guda: ta yaya za a hana dila samun wannan daƙiƙar?

Amsar tana farawa ne taku uku ko huɗu kafin karo. Sabon ɗan wasa, musamman mai jiki, yakan nufi ƙirjin mai tsaro kai tsaye, yana ganin jarumta ce. Garaje ba ƙarfi ba ne. Wanda ya shiga tsakiyar ƙirjin mutum ya ba shi duk abin da yake nema: kafaɗa ta zauna, hannuwa biyu su zagaye, ƙafafu su tura. Sai a mayar da shi baya, ya faɗi rigingine, kansa yana kallon gidansu, ƙwallo a buɗe ta ɓangaren abokan gaba, 'yan'uwansa kuma da suka riga suka wuce shi sai sun juyo sun zagayo ta ƙofa. Wannan ƙwallo ta tafi tun kafin bayansa ya taɓa ciyawa. Abin da ake koyarwa shi ne ɗan wasa ya gajarta takunsa idan ya kusa, ya yi kamar zai bi dama ya karkata hagu, don ya tilasta wa mai kamun ya tare shi da hannu maimakon kafaɗa. Rabin taku ya isa. Wanda ya shiga ta gefen kafaɗa, ya sauke ƙugunsa ƙasa da na mai kamun, yana ci gaba da tuƙa ƙafafu, shi ne zai zaɓi inda zai faɗi da yadda zai faɗi. Kuma duk mitar da ya ci gaba tana gajarta wa masu rufa masa baya hanya, tana tsawaita ta masu tsaro, domin su sai sun ja da baya kafin su shigo ta tasu ƙofar.

Sai riƙon ƙwallon kanta. Tsawonta tsakanin santimita 28 zuwa 30 ne, nauyinta bai kai rabin kilo ba, siffarta kuma kamar ƙwai, don haka in an buge ta a tsini sai ta zille. A fili ana so ɗan wasa ya riƙe ta da hannu biyu, saboda mai tsaro ya kasa sanin miƙawa zai yi ko rugawa. Dab da karo kuma sai ya mayar da ita ɓangaren da ke nesa da mai kamun, yatsu sun rufe tsininta, damtse ya danne ta a haƙarƙari, gwiwar hannu a matse da jiki. Gwiwar hannun da ta buɗe kamar fiffiken kaza ita ce mariƙin da mai fizga yake nema.

Daga nan sai tambayar da ta fi wuyar koyarwa, domin babu amsa guda: ya tsaya yana fafatawa a tsaye, ko ya nemi ƙasa? Tsayuwa tana saya wa 'yan'uwa lokaci su iso. Amma tana da nata tarko, kuma Ailan ce ta nuna wa duniya shi a gasar cin kofin duniya ta 2011. Les Kiss, mai horar da tsaronta, ya koya wa 'yan wasansa su rungume mai ƙwallo ta sama, mutum biyu ko uku, su hana shi kai wa ƙasa. Da zarar ɗan'uwansa ya zo ya manne masa don taimako, an shiga mol, wato cukuikuyo a tsaye, kuma dokar mol ta ce in ƙwallo ta maƙale ta ƙi fita, ana ba da sikiram, wato turereniyar da 'yan gaba suke haɗa kafaɗu su yi don a sake fara wasa, ga ɓangaren da ba shi ya shigo da ita ba. Ranar 17 ga Satumbar 2011 a Eden Park da ke Okland, da wannan dabara Ailan ta shaƙe Ostareliya ta ci ta 15 da 6, har Stephen Ferris na Ailan ya sunkuci Will Genia na Ostareliya ya yi baya da shi kamar buhun hatsi. Darasin da masu horarwa suka ɗauka shi ne ɗan wasa ya ji a jikinsa lokacin da tuƙinsa ya daina cin gaba. In ƙafafu suna ci, ya ci gaba. In ya ji ana ɗaga shi, ya yi ƙoƙarin kai gwiwa ƙasa tun mol bai haɗu ba, don doka ta tilasta a sake shi. Mai rufa baya ma yana da baki a nan, shi ke ganin abin da mai ƙwallo ba ya gani, kuma kalma guda daga gare shi, "tuƙa" ko "ƙasa", ta fi dogon bayanin koci a bakin fili amfani.

Ita faɗuwar, a ganina, ita ya kamata a fara koya wa yaro tun kafin a damƙa masa ƙwallo. Ɗabi'ar ɗan Adam ce in zai faɗi ya miƙa hannu ya tokare. A zari-ruga wannan ɗabi'a tana jawo asara biyu: wuyan hannu ko kafaɗa ko ƙashin wuya ya ji ciwo, ƙwallo kuma ta tsalle idan gwiwar hannu ta daki ƙasa. Ana so ya sauka a kan faffaɗan sassan jiki, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, haɓa a manne da ƙirji don ƙeya kada ta bugu, hannuwa biyu a kan ƙwallo. Wasu masu horarwa sukan ce wa yara su faɗi kamar za su dangwala ƙwallo a bayan layin ci, wato su miƙe gaba, ƙirji a kan ƙwallon, ta yadda abin da dila zai fara gani bayan mutum ne. Yaron da yake tsoron ƙasa ba zai taɓa tuna ƙwallo ba a lokacin da yake faɗuwa, hankalinsa yana kan jikinsa. Sai tsoron ya fita sannan sauran darasin yake samun wurin zama.

Bayan saukar kuma akwai aikin da na fi ganin ana sakaci da shi. Da yawa sukan ɗauka an kayar da su, shi ke nan sai su saki jiki. Ɗan wasan da aka horar da kyau, a wannan ƙiftawar ido yake murɗa ƙugunsa da ƙarfi, ya juyo da kafaɗunsa wajen gidansu, ya miƙa hannuwa biyu iya tsawonsu ya ajiye ƙwallon can nesa da ƙafafun abokan gaba. In hali ya yi, yakan miƙe sambal kamar sanda, ƙafafu wajen abokan hamayya, kai da hannuwa wajen 'yan'uwansa. Wannan kwanciya tana da amfani biyu. Dila sai ya tsallake tsawon jikin mutum kafin hannunsa ya kai ga ƙwallon, kuma da wuya ya yi haka bai rasa tsayuwarsa ba, wanda laifi ne. Sannan ƙofar da aka yarda a shigo ta cikinta takan tsuke ta koma faɗin jikin mutum ɗaya, mai rufa baya guda ya isa ya toshe ta. In an danne ƙafafunsa bai samu miƙewa ba, sai ya naɗe jiki ya sake buɗewa kamar wuƙar aljihu, ya tura ƙwallon baya. Kuma ajiyewa ake yi, ba jefarwa ba. Ƙwallon da ke birgima tana ci wa mai lamba 9, wato wanda yake ɗauko ta daga bayan rak, daƙiƙa guda kafin ya tsayar da ita.

Doka dai ba ta bar wannan a sake ba. A ƙa'idojin da hukumar World Rugby ta fitar a 2020 kan yadda za a riƙa hukunta wannan wuri, an yarda wa wanda aka kayar motsi guda ɗaya nan take. Rarrafe, ko birgima sau biyu don jiran 'yan'uwa, bugun tara ne. Akwai kuma wata dabara da mutum yake durƙusawa ya turo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, kansa a ƙasa. Wannan tana jefa wuya cikin haɗari, a Ingila an hana ta a wasannin yara da matasa, kuma ban ga dalilin da zai sa kocin masu tasowa ya koyar da ita ba.

Yanzu ga inda nake ganin an fi zaluntar 'yan wasa. Idan aka ƙwace ƙwallo, ido yakan tafi kan wanda ke kwance, shi ake yi wa tsawa. Amma ko ya yi komai daidai, doka ta ce ya saki. Mutumin da ke ƙasa ba shi da hanyar halal ta kare ƙwallo fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saura aikin na wanda ke biye da shi ne, kuma tsere ne tsakaninsa da dila: wa zai fara sa kafaɗunsa a kan ƙwallon? In mai rufa baya ya riga, ya tsaya da ƙafafunsa a kan ɗan'uwansa, rak ya haɗu, hannu ya haramta, magana ta ƙare. In dila ya riga ya kafu, cire shi aiki ne ja. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi suke jera 'yan gabansu uku-uku a faɗin fili: na tsakiya ya karɓi ƙwallo, biyu suna kafaɗunsa, kowa ya san aikinsa tun kafin a yi karo. Doka ma ta yarda mutum ɗaya ya manne wa mai ƙwallo kafin karon, muddin zai tsaya kan ƙafafunsa. Saboda haka kocin da yake duba bidiyon wasa, in ya zo inda aka ƙwace ƙwallo, ya mayar da hoton baya da daƙiƙa uku. Sau da yawa zai tarar mai ƙwallon ya gudu ya bar mutanensa, ko kuma na kusa da shi yana tsaye yana kallo, ko ya wuce gaba yana jiran a miƙo masa.

Share dila daga kan ƙwallo shi ne wuri mafi haɗari a wannan fanni, kuma a nan dole koci ya ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. Hanyar da ta dace ita ce mai rufa baya ya sauke jikinsa tun daga nesa, ya shiga ƙarƙashin ƙirjin dilan, ya kama shi da hannuwa, ya tuƙa shi sama da baya, kamar jirgin da ke tashi. Wanda ya zo daga sama yana sauka, ko dai ya zube a kan ƙwallo a hukunta shi, ko kafaɗarsa ta sami kan mutum. Ranar 7 ga Fabrairun 2021 a Kadif, Peter O'Mahony na Ailan ya shiga rak ya sami Tomas Francis na Wales a ka, aka ba shi jan kati a minti na 14, Ailan ta ƙarasa wasan da mutum 14 ta sha kashi 21 da 16. Kwana shida bayan haka a Twickenham, aka cire Jack Willis na Ingila daga kan ƙwallo da dabarar da ake kira juyin kada, inda ake rungumar mutum a murɗe shi gefe a zube da shi. Ƙafarsa ta kafe a ƙasa, gwiwarsa ta lalace, ya yi kusan shekara bai buga wasa ba. Daga 1 ga Yulin 2024 an haramta juyin kada baki ɗaya. Wannan ya ƙara wa maganar da nake yi nauyi: tunda hanyoyin cire dila sun ragu, abin da ya rage shi ne a riga shi isowa.

Ba tsira da ƙwallo kaɗai ake nema ba, har da saurin fitowarta. Masu horarwa sukan ɗauki daƙiƙa uku a matsayin ma'auni: in ta fito kafin haka, masu tsaro ba su gama jeruwa ba. In kuma sai an zuba mutum huɗu a rak kafin a cece ta, an tsira da ita amma babu wanda ya rage a kai hari da shi. Japan ce ta fi nuna amfanin wannan. Eddie Jones, kocinta na lokacin, ya san 'yan wasansa ba su kai na Afirka ta Kudu jiki ba, sai ya gina wasansu a kan sauka ƙasa da sauri da miƙewa da sauri, har ya ɗauko Tsuyoshi Kosaka, gwanin faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, ya riƙa horar da su. Ranar 19 ga Satumbar 2015 a Brighton, ana binsu maki 3 lokaci ya ƙare, kyaftin Michael Leitch ya ƙi bugun da zai kawo kunnen doki, ya zaɓi sikiram. Suka kai ƙwallo wannan gefe, suka dawo da ita wancan, rak bayan rak, har Karne Hesketh ya dangwala a kusurwa. 34 da 32.

Akwai kuma hanyar kauce wa rak ɗin gaba ɗaya, wato mutum ya miƙa ƙwallo yana cikin kamu. Sonny Bill Williams ya shahara da wannan, kuma irin miƙawarsa ce ta buɗe wa Ma'a Nonu hanya a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2015 da Niyu Zilan ta ci Ostareliya 34 da 17. Leone Nakarawa da 'yan'uwansa na Fiji da ita suka ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Yara suna son kwaikwayon wannan fiye da komai, kuma ban ga laifin a bar su su gwada ba, sai dai a kafa musu sharaɗi: ka ci karon, hannuwanka sun kuɓuta sun wuce mai kamun, kuma idonka ya ga wanda za ka ba. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, ƙasa ta fi. Wanda ake turawa baya ya jefa ƙwallo don ya rabu da ita, matsalarsa ce ya miƙa wa ɗan'uwansa.

To yaya ake shuka duk wannan a filin atisaye? Daki-daki, daga sauƙi zuwa wuya: faɗuwa babu ƙwallo, faɗuwa daga durƙuso da ƙwallo, sannan a tafiya, sannan a guje, sannan a sa mutum ɗaya ya yi kamu, sannan a ƙaro dila da mai rufa baya. Matakin ƙarshen nan shi ake yawan tsallakewa. Na sha ganin ana jera yara suna karo da katifar atisaye suna ajiye ƙwallo tsaf-tsaf, kowa yana murna. Katifa ba ta satar ƙwallo, ba ta kaucewa, ba ta riƙe mutum a tsaye. Sai an sa abokin hamayya mai rai, a ɗan ƙaramin fili, biyu da biyu ko uku da uku, da doka irin ta "in ƙwallo ba ta fito cikin daƙiƙa uku ba ta zama ta ɗaya ɓangaren", sannan ɗan wasa yake koyon yanke shawara. A kuma riƙa yin wani ɓangare na wannan a ƙarshen atisaye lokacin da numfashi ya ƙare, da jiƙaƙƙiyar ƙwallo. Kafin gasar kofin duniya ta 2019 a Japan, Wales har man shafawa na jarirai ta riƙa shafa wa ƙwallayenta saboda gumin da za ta tarar. Amma a yi da awo. A 2021 World Rugby ta ba ƙwararru shawarar kada karo mai cikakken ƙarfi ya wuce minti 15 a mako, karo mai sassauci kuma minti 40. In ƙwararru masu likitoci a gefe ke nan, kocin yara ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan. Yawancin aikin ƙafa, murɗa ƙugu da ajiye ƙwallo ana iya maimaita shi sau ɗari ba tare da kowa ya daki kowa ba.

Masu koyar da wasan a garuruwanmu irin su Kano, Kaduna da Jos suna da ƙarin matsala da littattafan horarwa na Turai ba su cika lissafawa da ita ba: da rani fili yakan bushe ya yi tauri kamar daɓe. Yaron da ya ƙuje gwiwa da ƙugu a ranar farko, gobe da hannu zai tokare. Gara a nemi wuri mai yashi, irin wanda 'yan kokawa suke zubawa a dandalinsu, a koyi faɗuwa a can har ta zauna a jiki.

Kada kuma a ɗauka riƙe ƙwallo shi ne komai. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniya a 2019 da 2023 da salon da ya dogara ƙwarai da buga ƙwallo sama da matsa wa abokin hamayya a gidansa. Yin zango goma a gaban turakunka kasada ce, kuskure guda maki 3 ne. Sai dai ko mai niyyar bugawa, sai rak ɗinsa ya tsaya da kyau kafin mai lamba 9 ya samu sararin ɗaga ƙafa.

Ranar 14 ga Oktoban 2023 Ailan ta koma wannan fili na Stade de France, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na kofin duniya. Ita ce ta ɗaya a duniya, ta ci wasa 17 a jere, kocinta a lokacin Andy Farrell, Sexton yana da shekara 38. Niyu Zilan tana gaba da 28 da 24, wato bugun ƙafa ba zai wadatar ba, sai an dangwala. Ailan ta sake ɗauko ƙwallo daga gidanta kamar yadda ta yi shekara biyar da suka wuce. Zango 10, zango 20, zango 30, agogo ya wuce 80. 'Yan Niyu Zilan suka ƙi zuba mutane a rak, suka ƙi yin laifi, suna kayarwa suna miƙewa suna jeruwa. Ƙafafun 'yan Ailan suka yi nauyi, tazarar da ke tsakanin mai ƙwallo da masu rufa masa baya ta fara buɗewa kaɗan-kaɗan. A zango na 37 aka kayar da mai ƙwallo, Sam Whitelock, wanda ya cika shekara 35 kwana biyu kafin ranar kuma daga benci ya shigo, ya sunkuya ya kafa hannuwansa kafin a iya ɗaga shi. Alƙali Wayne Barnes ya ɗaga hannu wajen Niyu Zilan. Suka fitar da ƙwallon waje, aka tashi, kuma wannan ne wasan ƙarshe da Sexton ya buga.